Ƙarfin da Ya San Inda Zai Tsaya: 'Ya'yanmu da Damben Keji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, mu da karatu ko neman halali ya kawo Ingila da Amurka da makamantansu. Yaro ɗan shekara goma ko sha biyu yakan zo wa mahaifinsa da roƙon a kai shi ya koyi MMA, wato faɗan nan na cikin keji wanda ya gauraya naushi da shuri da kokawa da shaƙe wuya. Uba sai ya shiga tsaka mai wuya. In ya hana, ya san abin da ke jiran yaro marar abin yi a titunan Landan ko Birmingham bayan an tashi daga makaranta. In ya yarda, ga hoton kumburarrun fuskoki da jinin da ya ɓata shimfiɗa yana yi masa gizo. A ƙarƙashin wannan ruɗani akwai tambayar da ta girmi wasan kansa: shin yana yiwuwa a koya wa yaro hanyoyin cutar da mutum, ya fito daga karatun ya fi tausayin mutane?

Amsata ita ce yana yiwuwa, amma bisa sharaɗi, kuma sharaɗin ba ya fitowa fili sai an rarrabe abubuwa uku da suna ɗaya ya haɗe su. Akwai ɗakin horo, inda yara ke koyon riƙo da faɗuwa a kan katifa. Akwai keji, inda ƙwararru ke dukan juna don kuɗi. Akwai kuma allon waya, inda ake tallan faɗan. Galibin alherin yana cikin na farko, galibin cutar tana cikin biyun ƙarshe, amma yaranmu ta ƙofar na uku suke shiga.

Wasan a siffarsa ta yau ba tsoho ba ne. A watan Nuwamba na 1993 aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, ba tare da rabon nauyi ba, dokokin ma 'yan ƙalilan ne. Manufar ita ce a ga wane salon faɗa ya fi wani. Wanda ya ci gasar, Royce Gracie ɗan Barazil, bai wuce kilo 80 da 'yan kai ba, kuma ya gama da mutum uku a dare ɗaya ta hanyar kai su ƙasa har suka sallama. Sanata John McCain ya kwatanta wasan da faɗan zakaru, jihohi da dama suka haramta shi. Sai da jihar New Jersey ta tsara dokoki a 2000 zuwa 2001, aka raba nauyi, aka ƙayyade turmi a minti biyar, sannan ya fara samun karɓuwa. Jihar New York ba ta halatta shi ba sai 2016, Faransa kuwa sai 2020. A 2016 ɗin aka sayar da kamfanin UFC a kan kusan dala biliyan 4. Kenan abin da ɗanka yake kallo wasa ne, kasuwa ce kuma.

Adalci ne a fara da alherinsa, don yana da shi. Leon Edwards an haife shi a Jamaika, ya taso a Birmingham, aka harbe mahaifinsa yana ɗan shekara 13, ya faɗa cikin 'yan dabar unguwa. Yana da shekara 17 mahaifiyarsa ta tura shi ɗakin horo, kuma shi da bakinsa yana cewa wannan ne ya raba shi da waccan rayuwa. Francis Ngannou ya fara aikin haƙar yashi a garin Batié na Kamaru yana wajen shekara 10, ya ratsa hamada, ya yi wata biyu a tsare a Sifaniya, ya kwana a titunan Faris, sannan ya zama zakaran masu nauyi a watan Maris na 2021. Ƙungiyar Luta pela Paz, wadda Luke Dowdney ya kafa a unguwar talakawa ta Maré a Rio a shekarar 2000, ta haɗa dambe da karatu da neman sana'a, har ta buɗe reshe a gabashin Landan a 2007.

Sai dai in an duba da kyau, ba naushin ne ya ceci waɗannan matasa ba. Abin da ya cece su shi ne wurin zuwa da yamma, da babban mutum wanda ya san sunansu kuma zai tambaya in ba su zo ba, da aikin da ba a iya yi masa ha'inci. Ƙwallon ƙafa ma tana ba da wannan. To mene ne kokawar katifa take da shi wanda babu a sauran wasanni?

Abu ɗaya ne, ƙarami a ido. Idan abokin kokawa ya kama wuyan yaro ko ya murɗe masa hannu har ya ga ba mafita, sai ya ɗan bubbuga jikin abokin sau biyu ko uku da tafin hannu. Nan take wancan ya sake shi, su tashi, su gaisa, su sake kamawa. A wannan ɗan motsi akwai darasi biyu da mutum kan tsufa bai koya ba. Wanda aka kama yana koyon ya ce an fi ni, a gaban mutane, ba tare da ya ji duniya ta ƙare ba. Wanda ya kama yana koyon buɗe hannunsa a daidai lokacin da ya fi kowane lokaci iko a kan ɗan'uwansa. Yaron da ke zuwa horo sau uku a mako zai yi wannan sallamawa da wannan saki sau ɗaruruwa a shekara. Da wuya a sami wani wuri a rayuwar yaro inda ake maimaita masa darasin rangwame haka da jiki, ba da baki kaɗai ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Littattafan sira sun kawo yadda Samura ɗan Jundub, yana matashi, ya kayar da Rafi'u ɗan Khadij gabanin Uhudu don ya nuna shi ma ya isa a tafi da shi. Kuma a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi ya karkatar da ma'anar ƙarfi daga mai kayar da mutane zuwa ga wanda ke mallakar kansa idan fushi ya taso. Abin lura shi ne da misalin kokawa aka yi bayanin. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin bai ce a kashe fushi ba, domin wanda ba ya fushi ba zai kare iyalinsa ko gaskiya ba. Ya kamanta shi da karen farauta wanda ake horarwa har ya tafi in an sake shi, ya tsaya in an tsayar da shi, kuma ya ajiye jarumta a tsakanin ragwanci da ganganci. Yaron da bai taɓa sanin yana da ƙarfi ba, ba za a ce ya yi haƙuri ba idan ya ƙyale wanda ya tsokane shi, domin wataƙila tsoro ne. Yafiya tana da daraja ne a hannun wanda zai iya ramawa.

Mai karatu zai iya cewa: yaron da aka koya wa shaƙe wuya, me zai hana shi gwadawa a kan ɗan ajinsu? Tambayar tana da tushe. Wani bincike da Endresen da Olweus suka wallafa a 2005, bayan sun bi diddigin yara maza 'yan shekara 11 zuwa 13 a Norwe na tsawon shekara biyu, ya nuna cewa waɗanda suka shiga dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sun ƙaru da rigima a wajen wasa. Amma tun 1986 Michael Trulson a Texas ya gwada wani abu da matasan da suka riga suka yi suna wajen rashin ji. Ya kasa su uku na tsawon wata shida. Kashi na farko an koya musu taikwando tare da ladubbansa da nasihar girmama abokin karawa, na biyu an koya musu faɗan zalla, na uku wasu wasanni kawai suka yi. Na farko rigimarsu ta ragu, na biyu ta ƙaru. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da kowane uba ya sani: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma inda mai tanƙwarar ya nufa nan zai fuskanta. Saboda haka zaɓen malami ya fi zaɓen salo nauyi.

Yanzu sai keji. Labarin Leon Edwards ya kai ƙololuwa ne a watan Agusta na 2022, lokacin da ya kai wa Kamaru Usman, haifaffen Auchi, shuri a kai saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Usman ya faɗi sumamme idanunsa a buɗe. Daren da ya zama cikar burin wani, shi ne daren da ƙwaƙwalwar wani ta ɗauke. Duk wanda ke yabon wasan nan dole ya dubi wannan ma.

A sana'armu ta injiniya akwai abin da muke kira gajiyar ƙarfe. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba za ta karye ba. Ka yi ta lanƙwasawa kana miƙewa, kowane lanƙwaso ƙarami ne, amma tsaga da ido ba ya gani tana ta girma a ciki, har ranar da za ta katse a hannunka. A 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet suka tarwatse a sararin samaniya kusa da Italiya cikin wata uku. Da aka saka jikin wani irinsu a tankin ruwa a Farnborough ana matsa shi ana saki, sai aka gano cewa hawa da saukar yau da kullum ne suka tsaga shi daga kusurwar wata kafa. Babu tafiya ɗaya da ta fi ƙarfin jirgin, taruwarsu ce ta kashe shi. Ƙwaƙwalwa ba ƙarfe ba ce, amma lissafin ya yi kama. Tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma duk dukan da ya juya kan da sauri yana girgiza ta yana jan jijiyoyinta, ko da mutum bai suma ba. Safar hannu da hular kariya suna kare fata da ƙashi, ba sa hana wannan girgiza. Bambancin kawai shi ne ƙarfen da ya tsage muna cire shi mu sa sabo.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Harrison Martland ya siffanta ciwon a jikin 'yan dambe tun 1928: rawar jiki, da nauyin harshe, da mantuwa. Dokta Bennet Omalu, ɗan Najeriya, ya wallafa irin wannan lalacewa a ƙwaƙwalwar ɗan wasan ƙwallon Amurka a 2005. Ga yaro kuwa lamarin ya fi muni, domin wuyansa bai yi ƙwari ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara 20. A 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fitar da matsaya guda ta adawa da damben yara. A watan Nuwamba na 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu a Tailan sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan dambe. A Oktoban 2016 kuma aka nuna 'ya'yan shugaban Ceceniya, masu shekara 8 da 9 da 10, suna faɗa a talabijin a Grozny ba tare da kariya ba, har tsohon zakara Fedor Emelianenko ya fito ya yi tir. Ita kanta hukumar IMMAF mai shirya gasar masu koyo ta hana dukan kai a gasar 'yan ƙasa da shekara 18.

Shari'a ta riga likitoci zuwa wurin. Hanin dukan fuska ya tabbata a Buhari da Muslim daga Abu Huraira, kuma an yi hanin ne har a cikin faɗa na gaske, balle na wasa. A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na goma a Makka, ta yanke cewa dambe a yadda ake yin sa a filayen gasa haramun ne, haka duk kokawar da ta halatta cutar da abokin karawa, amma ta halatta kokawar da ba cuta a cikinta matuƙar an suturce al'aura. Hujjar masu cewa ai manya ne kuma sun yarda ba ta tsaya a wurinsu ba, domin jiki amana ne, kuma mai riƙon amana ba ya kyauta da ita. In haka ne ga baligi a kan jikinsa, ina ga uba a kan jikin ɗansa? Yaro ɗan shekara goma ba zai iya sa hannu a madadin dattijon da zai zama ba. Uba yana da haƙƙin ya ba ɗansa ƙarfi, ba shi da haƙƙin ya biya kuɗin ƙarfin da hankalin yaron.

Na san inda zuciya ke yin nauyi a nan. Ga yaranmu da suka taso a ƙasashen da ba kasafai ake nuna Musulmi da mutunci a talabijin ba, Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya zama abin alfahari: faɗa 29 ba a taɓa cin sa ba, yana sujada bayan nasara, yana girmama mahaifinsa. A Oktoban 2020 a Abu Dabi, wata uku bayan rasuwar mahaifin, ya ajiye safarsa yana kan ganiyarsa saboda alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa. Abokin horonsa Daniel Cormier ya ba da labarin cewa a wannan dare ya zaɓi shaƙa a kan karya hannu don kada ya ji wa Justin Gaethje ciwo a gaban iyayensa. Amma mutumin nan dai shi ne ya tsallake keji a Las Vegas a Oktoban 2018, bayan ya gama da Conor McGregor wanda ya shafe watanni yana taɓa mahaifinsa da ƙasarsa da addininsa, ya afka wa 'yan tawagarsa, hukumar Nevada ta ci shi tarar dala 500,000 da dakatarwar wata tara. An tsokane shi, babu musu. Sai dai a gaya wa yaro dare biyun duka, kuma a gaya masa wanne ne ya fi kusa da ƙarfin da hadisi ya yaba. Son da muke yi wa ɗan'uwa Musulmi ba ya mayar da sana'arsa hujja a fiƙihu.

Daren na 2018 ya kai mu ga abu na uku, wato allo. An sayi kallon wannan faɗa kusan sau miliyan 2.4, fiye da kowane a tarihin kamfanin, kuma da zage-zagen aka yi tallansa. Kasuwa ta gane cewa ƙiyayya tana saye. Ga kamfanonin giya da na caca suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin wasan, sunayensu a rubuce a kan shimfiɗar da ake sujada. Abin da ke isa wayar yaro a TikTok da YouTube kuwa daƙiƙa goma sha biyar ne na suma, ana maimaitawa da kiɗa. Ba a nuna masa shekarun horo, ba a nuna masa saki dubu da aka yi a katifa, ba a nuna masa asibiti. Tun 1961 Albert Bandura ya nuna a jami'ar Stanford cewa yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana sukan kwaikwayi dukan har da salonsa. Yaron da ya fi shiga haɗari shi ne wanda ke kallo ba ya horo, domin ya ɗauki siffar duka bai ɗauki linzamin ba, bai kuma taɓa jin yadda hannu a wuya yake ba.

Mu da muka san dambe a gida muna da ma'auni. Dambe, duk da zafinsa da dukan fuskar da ke cikinsa, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba a bin wanda ya faɗi. A keji kuwa ana hawa kansa a ci gaba da duka har alƙali ya shiga tsakani. Kokawarmu ta gargajiya, wadda Nijar ke yi wa gasar takobi tun 1975, babu duka a cikinta sam, kuma ba wanda ya taɓa cewa 'yan kokawa ba maza ba ne. Su kansu zakarun keji daga nan suka fito: Usman da kokawar makaranta ya fara a Texas, Khabib da kokawa da judo da sambo, kuma Gracie na 1993 ba da naushi ya ci gasa ba. Yaron da aka hana wa dukan kai bai yi asarar kariyar kai ba.

Saura tambayar da ta shafe mu, mu manya masu kwana a gaban allo har asuba. Idan ba zan yarda a daki kan ɗana ba, da wace fuska nake biyan kuɗi don in ga an daki kan ɗan wani, wanda sau da yawa talauci ne ya kai shi? Kowa ya amsa wa kansa, amma ya tuna yaro yana ganin lokacin da mahaifinsa ya miƙe yana tafi.

Abin da nake ba 'yan'uwa shawara shi ne kada a hana yaro, a karkatar da shi. A kai shi kokawa ko judo ko jujitsu. Kafin a biya ko kwabo, uba ko uwa su zauna su kalli darasi guda cikakke. Su duba ko ana dukan kan yara, ko ana sa su rage abinci da ruwa don sikeli, yaya malami ke yi da yaron da ya yi jinkirin saki, kuma wa yake yabawa, wanda ya kayar ko wanda ya ɗaga abokinsa. Su tambayi takardar tantance malami ta aiki da yara, su yi maganar sutura da lokacin salla da sunkuyon gaisuwa tun farko. 'Yan mata ma suna da haƙƙin wannan ƙarfi, a ajin mata da malama mace. Masallatanmu da yawa suna da zauren da ke rufe tsakanin la'asar da isha'i. Katifu da malami amintacce sun fi sauƙin kuɗi a kan abin da titi ke karɓa daga gare mu. In kuma yaro zai kalli faɗa, kada ya kalla shi kaɗai, a zauna da shi a tambaye shi halin da wanda ya faɗi zai tashi a ciki gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ƙarfin jiki da ƙarfin mallakar kai, Ya tsare musu hankulansu. Wallahu a'alam.